Octave Direba da Gajeren Wa'azi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Roseau ranar da jirgin ruwan masu yawon buɗe ido ya iso, ya san Octave Casimir ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai tumbi da farar hula, wanda ba ya ihu. Sauran direbobi za ka ji suna ta kiran baƙi har muryarsu ta dushe, wannan na ɗaga hoton ruwa, wancan na ɗaga hoton aku. Octave kuwa jingina yake yi da farar bas ɗinsa, ya murje ganyen kirfa a tafin hannu, duk baƙon da ya zo wucewa ya miƙa masa ya ce ya shinshina. Da mutum ya shinshina ya tsaya tambaya, to ya shiga hannu. Kafin a ankara ya cika mota ya kama hanyar kurmi, masu ihu suna nan suna ihunsu.

Abin taƙamarsa guda ɗaya ne, kuma ba za ka daɗe zaune da shi ba sai ya faɗa maka: shekara ashirin da bakwai yana kai baƙi kurmi, jirgi bai taɓa tafiya ya bar fasinjansa ba. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Jirgi yakan jira mutanen da shi da kansa ya tura yawo a manyan motocin kamfani. Amma wanda ya fito ƙofar tasha ya yi ciniki da direban gari, in lokaci ya yi bai dawo ba, sai dai ya tsaya ya hangi hayaƙi. Kayansa da maganinsa da takardunsa sun tafi, shi yana nan da gajeren wando. Shi ya sa ƙungiyar direbobi ba ta wasa da wannan doka: wanda jirgi ya bar wa fasinja zai cire katin izinin aiki da ke wuyansa ya miƙa wa Mis Verlyn, sakatariyar ƙungiya, kuma shi da ɗaukar baƙi a tashar nan har abada. Mis Verlyn da hannunta ta karɓi katin ɗan ƙanwarta, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Irin katin nan kuwa shi ya mayar wa Octave rufin gida bayan babbar guguwa, shi ya kai 'yarsa makarantar jinya.

Ba da sitiyari a hannu aka haife shi ba. Manomin ayaba ne kamar ubansa, a Belfon, ƙauyenmu da ke maƙale a jikin dutse kan hanyar kurmi. Yana da shekara talatin da ɗaya, da mata da 'ya'ya biyu, kasuwar ayaba ta mutu a hannunsu. Wasu suka tsallaka tsibiran maƙwabta neman aiki, wasu suka tare a shagon barasa. Octave na cikin tunanin wanne zai zaɓa, sai wata safiya Pa Fulbert ya tsayar da tsohuwar motarsa mai bencin katako a ƙofar gidansu, ya matsa gefe, ya ce masa ya shigo ya zauna a kujerar direba.

Pa Fulbert shi ya fara kawo mota Belfon, kuma mu da muka shiga motarsa muka fito da rai har yau muna gode wa Allah. Mutum ne da bai yarda akwai tafiyar hankali ba. Matan kasuwa da carbi a hannu suke shiga, kaji na kuka, kwandunan gwaza na rawa, shi kuma yana fito yana shan kwana, amma ko akuya bai taɓa bugewa ba. Wata shida ya yi yana koya wa Octave, bai karɓi komai ba, zagi kuwa kyauta yake bayarwa safe da yamma. In suna gangarowa Octave ya danne birki saboda tsoro, sai tsohon ya buge masa gwiwa ya ce, "Sake birkin nan, ba matarka Hermina ba ce da za ka rungume ta har ƙasa." Ya koya masa sauka da giya, ya koya masa danna hon sau biyu a kowace kwana ko da ba kowa, ya koya masa gane ruwan sama tun yana bayan dutse. Da tsufa ya kwace masa sitiyari, sai ya koma zaman baranda a bakin hanya. Kullum Octave ya zo wucewa da baƙi sai ya danna masa hon, tsohon ya ɗaga sanda ya ce ko jaki ya fi shi sauri. Octave yakan faɗa wa baƙi cewa albarka yake sa musu.

Ranar wata Asabar Pa Fulbert ya rasu a kujerarsa ta baranda, aka sa jana'iza Laraba ƙarfe uku. Laraba kuwa ranar jirgi ce.

Octave ya yi duk abin da ɗa zai yi. Shi ya ɗauko kujeru, shi ya kawo kofi da biskit na zaman makoki, shi ya je gari ya zo da akwatin gawa. Amma da aka zo maganar Laraba sai ya ce zai fita aiki. Hermina, matarsa, ta ajiye wuƙar da take feren gwaza ta dube shi, ta tambaye shi ko jirgin nan shi ne na ƙarshe da zai zo duniya. Ya ce lokacin jirage gajere ne, mota kuma ba ta cin ganye. Ta ce ta ji, kuma ta san ƙarya yake yi. Gaskiyarta ce. Ba kuɗi ne ya hana shi ba. Octave mutum ne da zai iya canza taya a cikin ruwan sama yana dariya, amma ba zai iya tsayawa ya ga ana zuba wa Pa Fulbert ƙasa ba, kuma kunyar faɗin haka yake ji. Da ya je ya shaida wa matar mamacin, Ma Fulbert, ya tarar tana guga. Ta dai dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da guge farar rigar da za a sa wa mijinta.

Hanya ɗaya ce tak daga kurmi zuwa gari, kuma ta tsakiyar Belfon ta ratsa, ta gaban coci ta gangara ta gaban maƙabarta. Octave ya san da haka, ya kuma yi lissafinsa, lissafin da duk ɗan Belfon zai sa masa hannu. Ya dogara da Fada Remy, limamin cocinmu. Shekara ashirin Fada Remy na yi mana wa'azi, kuma bai taɓa binne kowa ba sai ya faro daga Adamu da Hauwa'u, ya bi ta kan Nuhu, ya tsaya ya huta a wurin Ayuba, sannan ya iso kan mamaci. Mata da alewa suke zuwa a jaka. Maza sukan fita gindin mangwaro su yi hira su dawo, su tarar bai fito daga Masar ba. In ya yi wa baƙo awa ɗaya da rabi, to Pa Fulbert da ya yi shekaru yana ɗaukarsa kyauta ai sai awa biyu. Za a shiga coci ƙarfe uku, ba za a fito ba sai wajen biyar. Shi kuwa zai wuce ƙarfe uku da rabi, ya rage gudu a gaban coci ya cire hula, ya isa tasha da sauran lokaci mai yawa kafin jirgi ya tashi ƙarfe biyar.

Mutum goma sha ɗaya ya samu ran nan. Biyu daga cikinsu ne suka tsaya masa a rai: wani dogo mai ƙaton agogo da tun a tasha ya tambayi lokacin dawowa sau uku, da wata tsohuwa mai sandar ƙarfe da ta ce ita dai a kai ta ta ga kurmi kafin gwiwoyinta su gama yi mata tawaye.

A cikin kurmi ba wanda zai ce Octave na da makoki. Nan ne gidansa. Ya shige gaba da ƙaramar addarsa, ya kankaro ƙaro daga jikin wani ƙaton itace ya kyasta masa ashana ya kama da wuta, baƙi suka taru suna ɗaukar hoto. Ya sa su yi shiru su saurari tsuntsun da ba wanda ke ganinsa. Ya ɗaga dutse ya nuna musu kaguwa a inda babu teku. Da aka tambaye shi aku, ya nuna can ƙololuwar itatuwa ya ce yanzun nan ya tashi, kamar yadda yake tashi kullum daidai lokacin da aka tambaya. Ruwa ya sauko ya jiƙa su, ya ɗauke, ya sake saukowa. Ya fasa musu kwakwa a bakin tafkin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, matasan cikinsu suka faɗa iyo suna ihun sanyi. Sau ɗaya kawai ya dubi agogo, ƙarfe uku daidai, ya juya baya kamar mai neman wani abu a cikin ganye, ya daɗe bai juyo ba.

Tsohuwar ce ta iso tafkin a ƙarshe, lokacin da wasu har sun fara sa takalmi. Ta zauna kan dutse ta roƙi a bar ta ta tsoma ƙafa ko na minti biyar. Dogon ya nuna agogo. Octave ya dubi yadda take fama da kwance igiyar takalmi, ya durƙusa ya kwance mata da kansa, ya ce ta zauna abinta, akwai lokaci. Minti biyar suka zama ashirin, bai damu ba. A ransa yana cewa Fada Remy yanzu ko jirgin Nuhu bai gama ginawa ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata suka sha kwanar ƙarshe ta saman coci. Tun kafin ya ga komai ya ji waƙa. Hanya ta cika maƙil da mutane cikin baƙi da fari, lema a sama, akwati can gaba a kan kafaɗun maza shida, ana tafiya taku ɗaya ɗaya. Abin da Octave bai sani ba, haƙori ne ya kumbura wa Fada Remy kunci tun asuba, aka turo wani matashin fada daga gari wanda bai taɓa ganin Pa Fulbert ba. Bawan Allah ya ce mamacin mutumin kirki ne, Allah ya ba shi hutawa, ya rufe littafi. Matan ko alewar farko ba su ɓare ba.

Octave ya taka birki ya cire hula. Daga coci zuwa maƙabarta mil ɗaya da rabi ne, kuma a Belfon a kafaɗa ake kai mutum, ana waƙa, ana tsayawa a canza masu ɗauka. Awa guda ke nan in an yi sauri. Daga maƙabarta zuwa tasha kuma minti talatin da biyar. Ya haɗa lissafin sau biyu, sau biyun duka jirgi ya tafi.

Dogon ya matso ya leƙa ta gilashi. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi, maganin zuciyar matarsa na cikin jirgi. Ya nuna gefen hanya ya ce ai akwai wuri, in aka danna hon mutanen za su matsa. Kuma gaskiya ne, za su matsa. Octave ya ce masa a nan ba a wuce gawa. Dogon ya ce ko doka ce. Octave ya ce ba a rubuta ba. Bai faɗa masa cewa mutumin da ke cikin akwatin, wanda ba ya barin ko motar 'yan sanda ta sha gabansa, ya taɓa bin gawar wani almajirin kafinta tun daga gada har maƙabarta a giya ta ɗaya, ayabar mutane na dahuwa a rana, jirgin ayaba ya tafi ya bar su, kuma bai taɓa cewa ya yi asara ba.

Suka bi bayan jama'a a hankali. Zufa ta jiƙa wa Octave katin da ke wuyansa, tafin hannunsa na kan hon, yana jin laushin robar. Dannawa ɗaya ce tsakaninsa da abincin gidansa. Ya ɗauke hannun ya sa a ƙarƙashin cinya ya danne. A sahun baya Hermina ta waiwayo ta gan shi. Ya zaci harara zai sha, sai ya ga ta dubi baƙin, ta dubi rana, ta taɓa kafaɗar matar da ke gabanta ta yi mata raɗa. Ya ga maganar na tafiya gaba daga hula zuwa hula.

A gindin bishiyar da ake canza masu ɗauka, waƙa ta tsaya. Jama'a suka dare biyu, Ma Fulbert ta taho ta tsakiyarsu, 'yar tsohuwa mai shekara tamanin da baƙar hula, tana dogara lema. Ta zo ta tsaya a tagarsa.

"Octave."

"Ma."

"Ka ce ba za ka zo ba, sai ga ka har da 'yan rakiya."

"Hanya ce ta haɗa mu, Ma."

"Ƙarfe nawa jirgin nasu?"

"Biyar."

"To me kake jira?"

"Ba zan wuce shi ba, Ma."

"Na sani. Da ka wuce shi da lemar nan ta karye a kanka." Ta leƙa cikin motar ta ƙirga kujeru da ido. "Sauko ka buɗe bayan."

Mista Prosper, shugaban ƙungiyar jana'iza, ya iso da sauri yana gyara ɗamararsa. Ya ce tun kakanni a kafaɗa ake kai ɗan Belfon, ba a taɓa cusa mutum a bayan bas kamar buhun gwaza ba, balle a tsakiyar baƙin da ko rigar kirki ba su sa ba. Wasu suka gyaɗa kai. Ma Fulbert ta bar shi ya kai aya.

"Prosper, shekara hamsin da shida ina auren mutumin nan, ban taɓa ganin ya taka daga coci zuwa gida ba. Shagon burodi da ke bayan katangarmu a mota yake zuwa. Yau don ba shi da bakin magana kuka samu dama kuna jan sa a hanya kamar mai ciwon ƙafa. Ni na san abin da yake ce muku a cikin akwatin nan, ba dai zan maimaita a gaban fada ba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ta bazu, har Mista Prosper ya sunkuyar da kai yana gyaran murya.

Saura baƙi. Octave ya juya ya faɗa musu gaskiya ba ado: wanda ya rasu shi ne ya koya masa tuƙi, ba zai wuce shi ba, amma in sun yarda zai ɗauke shi ya sauke a maƙabarta, hanyarsu ce, wataƙila su samu jirgi. Wata matashiya ta rufe baki da hannu. Sai tsohuwar mai sanda ta jawo jakarta ta ɗora a cinya ta ce ga wuri a kusa da ita in akwai mai zama. Dogon ya dubi agogonsa, ya dubi Ma Fulbert, ya sauka ya zagaya baya ya kama kujerar ƙarshe suka naɗe ta, shi da Octave.

Akwatin bai shige duka ba, aka bar ƙofar baya a buɗe aka ɗaure da igiya. Maza huɗu suka cusa kansu suna riƙe da hannayen akwatin, dogon na biyar ɗinsu, gwiwarsa a haɓa. Matashin fada ya zauna kan kular kwakwa da littafinsa. Aka ɗaga Ma Fulbert aka ɗora a kujerar gaba, ta gyara hula, ta ajiye lema tsakanin ƙafafu.

"Kada ka tuƙa shi kamar mai kai ƙwai kasuwa," ta ce. "Yadda ya koya maka."

Jama'a suka koma gefe, maza suka cire huluna, Octave ya saki birki. Mu da muke tsaye ran nan mun ga bas ɗin ta gangara, mun ji hon sau biyu a kwanar farko, sau biyu a ta biyu, yana nisa yana nisa. Waɗanda ke ciki sun ce fada ya rufe ido yana motsa baki, baƙin sun riƙe kujeru, Ma Fulbert kuwa ko gezau, hannunta ɗaya a kan hula. Octave na tuƙi hawaye na bin kuncinsa yana shiga gashin baki, bai share ba don hannu biyu hanyar ke so. Abin da ya kwana huɗu yana gudu ya same shi a kan sitiyari, kuma ya tarar ba ya jin kunya. Ya ji daɗin nauyin da ke bayan motar, ya so a ce hanyar ta fi haka tsawo.

A ƙofar maƙabarta aka sauke akwatin aka ɗora kan benci biyu. Octave ya ɗora tafinsa a kan murfin ya tsaya, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ma Fulbert ta zungure shi da lema a haƙarƙari ta ce ya wuce ya ba mutane wuri, kada ya ja wa mijinta abin faɗa.

Yadda ya sauka daga dutsen nan, shi da baƙinsa goma sha ɗaya kaɗai suka sani, kuma ba ya son a tambaye shi. Suna kan gadar shiga gari jirgi ya yi kukan farko. Da suka shigo tasha babu mota ko ɗaya, masu sayar da tsaraba sun naɗe rumfuna, ma'aikatan jirgi sun kama igiyar matakala. A gindin matakalar Mis Verlyn ce tsaye da ƙafa ɗaya a kai, tana gardama da wani jami'i mai farin kaya a kan wata takarda da ita kanta ta san ba ta da matsala. Baƙin suka kwasa da gudu. Tsohuwar ba ta iya gudu, sai Octave ya kama ta ta dama, dogon ta hagu, ƙafafunta na taɓa ƙasa sama-sama. A bakin matakala ta riƙe fuskar Octave da hannu biyu ta ce wani abu da ƙarar injin ta cinye. Dogon ya miƙa masa hannu, ya shige.

Mis Verlyn ta ƙirga goma sha ɗaya, ta sauke ƙafarta. Ta dubi katin wuyansa, ta dubi jajayen idanunsa, ta dubi ƙofar bayan bas da har yanzu ke ɗaure da igiya. Ta ce gobe ya zo ya yi mata bayani, kuma ya zo da bayani mai kyau.

Ya juya mota ya kama hanyar dutse shi kaɗai, a hankali wannan karon. Ya san abin da zai tarar: tudun jar ƙasa, furanni a kai, kowa ya watse gidan makoki cin abinci. Ya ce a ransa ba komai, zai tsaya shi kaɗai ya yi abin da zai yi, hakan ma ya fi masa. Rana ta kusa faɗawa teku sa'ad da ya sha kwanar maƙabarta.

Belfon gaba ɗaya na nan. An rera duk waƙoƙin da ke cikin littafi an koma farko. Yara sun yi barci a kafaɗun iyaye, masu haƙa sun jingina da shebur, fada na tsaye da alamar wanda ya daina tambayar dalili. An saukar da akwatin cikin rami, amma ko ƙwayar ƙasa ba a zuba ba. A bakin ramin Ma Fulbert na zaune kan kujerar da aka aro daga gidan maƙwabta. Hermina ta ce masa daga baya sau uku Mista Prosper na zuwa ya ce duhu zai yi, sau uku tana ce masa ya je ya nemo fitila.

Octave ya ratso mutane da hula a hannu ya tsaya a gabanta.

"Sun shiga?" ta ce.

"Sun shiga, Ma. Duka goma sha ɗaya."

Ta dafa lema ta sunkuya kan ramin. "Ka ji ko, Fulbert? Sun shiga." Ta ɗan jira kamar mai sauraren amsa, sannan ta ɗago ta share ido da bayan hannu. "To, ku rufe shi. Ku ba Octave shebur ya fara."